Ƙwai Biyar a Cikin Hula

Jatau mai haƙar yashi ya zo da su a hula,
ƙwai biyar, da sauran ɗumin uwarsu.
Ya ce kogi ya kawo daren jiya,
ya cinye tsibirin da ke ƙasan gada,
dinya ta tashi, ba ta dawo ba.
Ya ce, kai da masaƙa ta sallama,
ga aikin yi.

Na tura su ƙarƙashin wake-waken kazar Lantana,
ba ta tambayi na wane ne ba.
Kwanakin da ta sani suka cika,
ta fara leƙen ƙofar akurki,
na kife ta da kwando ina ba ta haƙuri.

Wata Laraba, ina shafa addu'ar asuba,
na ji ƙwas, ƙwas, kamar ana taɓa ƙofar langalanga.
Huɗu suka fito jiƙe sharkaf.
Na biyar na kara shi a kunne, shiru.

Kwalin taliya ya zama ɗaki,
tsohuwar rigar aikina ta zama shimfiɗa.
In an ɗauke wuta a Kakuri, kuma kullum ne,
sai fitilar ƙwai,
ina auna zafinta da bayan hannu.
In sun cure wuri guda, sanyi ne.
In sun watse suna haki, na ja ta baya.
Shekara ashirin da uku ina sauraron injin,
yanzu kukan tsako nake karantawa.

Dusa da ɗan ruwa, dafaffen ƙwai a marmashe,
gara daga gindin mangwaro,
alayyafo an yanka siriri kamar zare.
Ruwan sha a murfin samira,
da tsakuwa a ciki kada wani ya nutse.

Duk da haka gafiya ta ɗauke ƙaramin.
Da safe ƙafa ɗaya na tarar,
da fatar nan tsakanin yatsu
wadda ba ta taɓa tura ruwa ba.

Ranar da na cika musu baho,
ba wanda ya koya musu, suka faɗa.
Kaza tana zagaye tana kururuwa,
tana kiran 'ya'yanta su fito daga halaka.
Lantana ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ni ban yi ba.
Na tuna ranar da Sagir ya hau motar Legas.

Yanzu wuya ya miƙe, baƙi ya rufe baya,
ƙaho ya fara tsiro a gwiwar fiffike.
Suna bina har bakin masallaci,
yara na cewa ga Baba da dogarawansa.

Jatau ya ce a datse gashin gefe guda,
ba zafi, kamar yankan farce.
Na ari almakashin tela tun Asabar.

Jiya da magariba wasu suka gifta sama,
sun nufi kogi, ba ko waiwaye.
Ukun nan suka bar dusa,
suka karkata kai, ido ɗaya a sama,
suka daɗe a haka.

Tela ya aiko yaro sau biyu.
Na ce masa gobe.