Luguden Mushtari

A Yelwan Yawuri, bayan isha'i,
na hau soron Alhaji Jabbi da madubin hangen nesa
wanda makaranta ta yasar shekarar da na yi ritaya.
Ƙafarsa ɗaya ta karye, na ɗaure ta da roba.
Daga bakin ruwa injin kwalekwale na tari,
ƙamshin bandar kifi na hawowa.

Ga Mushtari can, fari kamar sabuwar ƙwarya,
watanninsa a jere, ƙwayar gero huɗu a kan baƙin faifai.
Uku daga ciki lugude suke yi.
Na kusa ya zaga huɗu,
na tsakiya biyu,
na bayansu ɗaya tak, sai a koma farko.
Turmi ɗaya, taɓarya uku,
ba wadda ta taɓa fasa goshin 'yar'uwa.
Kulu, Allah ya jiƙanta, haka suke daka da ƙannenta,
ba mai ƙirga, ba mai cewa ke dakata,
hannu ne ya san lokacin sauka.

Shekara talatin ina rubuta wannan a allo:
in biyu suka gamu sukan ja juna kaɗan,
kamar mai taɓa rigar wani a kasuwa,
amma kullum a gaɓa ɗaya.
Nakan ce wa yara, ku tuna lilo,
ba ƙarfin turi ba ne, sa'ar turin ce.
Su rubuta, in ba su maki, a tashi.

Akwai saura, ƙararrawa ce kan riga ni.
Tsakanin Mushtari da Mirrihu
garken duwatsu na kewaya rana,
a cikin garken akwai gurabe wayam
kamar giɓin haƙori.
Dutsen da ya zaga uku daidai da ɗayan babban,
sai su riƙa gamuwa a mararrabar da suka saba,
a ja shi bana, a ja shi baɗi,
hanyarsa ta yi ta miƙewa kamar danƙo
har a wayi gari a neme shi a rasa.
Kiɗan da ya riƙe wancan, shi ya kori wannan.

Gado ɗana yakan zo duk ƙaramar salla.
Duk zuwa, a bakin zaure, kafin ya cire takalmi,
nakan ce, har yanzu gyaran babur ɗin ne?
Ban taɓa ɗaga murya ba.
Ban taɓa zaginsa ba, Allah shaida.
Magana ɗaya ce, a wuri ɗaya.
Sai ya yi murmushi, ya ajiye lemo da sabulu.
Kwana uku ya koma biyu, biyu ya koma wuni.
Bana salla ta huɗu ke nan
sai saƙon kuɗi a waya
daga wani gari da ban iya faɗar sunansa daidai.

Sauro ya ishe ni.
Na kusa ya ɓuya bayan Mushtari,
zai fito kafin asalatu, wannan na san lissafinsa.
Na saɓa madubi, na sauko ina laluben matakala.
Lambar Gado na cikin aljihu.
Na tsaya a zaure, daidai inda yake ajiye takalmi,
ina neman wata magana
wadda ba waccan ba.