Notin da Ya Faɗi

A kan tudun Valparaíso, inda gidaje ke rataye kamar shanya,
tsoho Baltasar ya juya allon jikarsa gaba da baya,
bai ga noti ko ɗaya ba.
Da gam aka liƙe shi.
"Wannan ba naki ba ne, Ximena.
Aro suka ba ki, suka kuma karɓi kuɗi."

Ita dai shafa gilashi take da yatsa,
hotuna na zuba kamar ruwan indararo,
ko kofi ɗaya ba ta tara ba.

Ran Asabar ya sayo 'yar kwamfuta tsirara,
koriya shar, faɗin tafin hannu,
kuɗinta bai kai na kifin mako ba.
Ta haɗa waya a juye. Hayaƙi ya tashi.
Tsoho ya yi dariya har da tari:
"Wanda bai ƙona burodi ba, bai san tanda ba."

Ta biyun ta tsira.
Yanzu in tankin rufi ya cika
sai ta yi kukan agwagwa. Ximena ta koya mata.
Maƙwabta sun kawo ƙara sau biyu.

Allon gilashi na kan gado, caji ya ƙare.
Yarinya na ƙarƙashin tebur,
tana laluben noti.