Tafinta a Kotun Epe

Laraba ce, fanka ta mutu,
ƙarnin kifi na shigowa ta taga daga bakin ruwa.
Ni ne tafinta. Ina ɗaukar magana
daga bakin wannan in sauke a kunnen wancan,
kamar mai kwale-kwale, ba ruwana da abin da ke cikin buhu.

Barau mai albasa ya zauna, hula a gwiwa.
Sikira, matarsa ta shekara tara, ta ba shi ƙeya.
Ta yi magana da Yarbanci.
Na ce: ta ce ta gaji.
Ya ce a tambaye ta wa ya sayi firijin.
Na tambaya. Ta yi wata dariya da ba ta da fassara.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau, yana lissafi:
firiji, keken ɗinki, bashin haya wata huɗu,
sai Ramlatu, ’yar shekara shida,
tana waje gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa.
Harsunan nan biyu a bakinta suka kwana,
ba wanda ya kira ta.

Aka yanke: makaranta wajen uwa, hutu wajen uba.
Barau ya dubi ƙasa, ya ce a hankali,
"A riƙa rufe mata ƙirji, ba ya son damina."

Alƙali ya riga ya rufe littafi.
Na buɗe baki zan kai saƙo,
sai na ga Sikira ta gyaɗa kai
tun kafin in ce uffan.