Haƙorin da Ba Ya Magana

Fiyanon Madam Adutwumwaa yana da haƙori ɗaya bebe.
Fari ne, dama da tsakiya kaɗan.
In ka danna shi sai ya nutse shiru
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Laimar Kumasi ce ta cinye masa murya, in ji ta,
mai gyara kuwa ya tafi Takoradi biki,
damina goma sha ɗaya ke nan.

Talata da Asabar nake zuwa.
Torotoro daga Asawase zuwa Kejetiya,
sauran hanyar Bantama in taka da ƙafa,
canjin in sayi ƙosai.
Tun daga ƙofa take duba yatsuna:
“Balaraba, mai! Ga sabulu can.”

Ba mu taɓa biyan ta ko sidi ɗaya ba.
Babana Maikano agogo yake gyarawa a bakin kasuwa,
shi ya tashi ɗan agogonta mai kaɗa kai,
wanda ba ya faɗin lokaci, sai dai ya yanka shi ƙanana.
Ya ce bai taɓa ganin agogo marar amfani irin wannan ba.
Ya kwana uku yana saurarensa.

Ta ce hannun hagu sakwara ne, na dama miya,
kada miya ta gudu ta bar sakwara a kwano.
Takan ɗora mini tsabar kuɗi a bayan hannu,
in ta faɗi, mu koma farko.
Ta faɗi.
Ta faɗi har kyanwar gidan ta daina juyowa.

A gida katako nake da shi,
na zana masa haƙora da alli da gawayi.
Duk bebaye.
Gwaggo Jummai tana gyaran shinkafa tana kallona,
ta ce, “Wannan yarinya tana tsintar tsakuwa a faifan da ba kowa.”

Shi kuwa beben nan na Bantama,
duk sa'ad da kiɗa ya biyo ta kansa
sai Madam ta cike gurbin da bakinta:
laa,
muryar tsohuwa, da ɗan tsagu a gefe,
ƙasa da inda ya kamata da kamar gashin gira.
Shekara huɗu
ban san wata murya ga wannan wurin ba sai tata.

Sai ranar taro, a wani zaure a Adum.
Fiyano baƙi wuluk, baki buɗe kamar kada yana shan hantsi.
Babana a layin gaba da babbar rigar sallarsa,
yana ƙirga da ɗan yatsa a kan gwiwa.
Hagu ya riƙe, dama ya bi,
na zo gurbin nan, na danna,
sai haƙorin ya yi magana.

Tsaf, garau, kamar cokali ya taɓa tangaran.
Na firgita.
Wani baƙo ne ya amsa sallama a ɗakinmu.
Hannuna ya tsaya a sama, numfashi ɗaya, biyu,
fanka tana juyawa, wani ya yi tari,

sai daga layi na uku,
a makare, da tsagun nan a gefe:
laa.

Aka waiwaya. Wasu suka yi dariya.
Ita ko a jikinta, jakarta a cinya, ido a rufe.
Na sauke hannu, na ƙarasa.

Yanzu ni ke koyarwa, a Aboabo, saman shagon tela.
Nawa na lantarki ne, duk haƙoransa suna magana
in ba a ɗauke wuta ba.
Jiya ɗan ƙaramin Dantani ya tsaya a tsakiyar darasi,
ya ɗago kai ya ce,
“Malama, me ya sa kullum in na zo nan
sai kin buɗe baki?”