Haƙoran Makaranta

Sai na kulle ɗakin shan magani bayan isha'i,
na wanke warin ayodin daga hannuwana,
sannan in hau tudun bayan tankin ruwa.
Nan kaɗai sabis ke sauka a ƙauyenmu,
sanda biyu, wata rana ɗaya.

Shekara tara ina jinya.
Na san inda sanina ya ƙare:
daidai inda nake rubuta wa mutum takarda
ya nemi mashin zuwa Gumel
da ciwon da ya kamata ya tsaya a hannuna.

Makarantu uku ne a cikin wayata.

Ta farko ta zo da hoton farin bene,
ciyawa kore shar, ɗalibai na dariya.
Ta ce wata shida, takardar shaida har gida.
Wata shida!
Ni da na riƙe bakwaini a tafin hannu,
na san kamannin abin da ya fito kafin lokacinsa.

Ta biyu kira take, safe da yamma,
murya kamar mazarƙwaila:
"Turo kuɗi yau, Hajiya, gobe rangwame ya ƙare."
Na ce, wa zai tsaya a kaina ranar da nake duba majinyaci?
Ta ce komai a waya ake yi.
Na ce, a waya ake jin kan jariri ya juya?
A waya ake laluben jijiyar tsoho
da gudawa ta tsotse kamar busasshiyar kuɓewa?
Ta yi dariya. Na kashe.

Mahaifina dillali ne a Maigatari.
Kowace Alhamis yana dawowa da warin shanu a riga,
da magana ɗaya da bai gaji da ita ba:
"Barira, kada ƙaho ya saya miki sa.
Buɗe baki, ƙirga haƙora.
Kore shi ya yi tafiya ki gani.
Sannan ki nemi wanda ya yi huɗa da shi bara."

To, na buɗe wa ta uku baki.
Ba ta da kyan fuska.
Ba ta kira ni Hajiya ba.
Lambar lasisina ta nema, da sakamakon makarantar jinya,
ta ce shekara biyu, in na jure,
karatu a waya, aikin hannu a asibiti,
ƙarƙashin malami mai suna, mai lamba, mai ofis.

Na kore ta ta yi tafiya.
Na shiga mota har Dutse da sunaye uku a gefen zane.
Wani akawu ya lashi yatsa,
ya bi jerin makarantun da hukuma ta yarda da su,
ya sauka, ya sauka,
ya tsaya a guda ɗaya.
Sauran biyun, ya ce, ko a mafarki.

Saura mai huɗa.
Aka ba ni lambar wata Sahura a Haɗejiya.
Ta ɗauka tana tauna wani abu.
Ta ce, "Wahala ce, 'yar'uwa.
Sun kayar da ni sau ɗaya a ilimin magunguna,
na yi kuka, na sake."
Duk cikin makonnin nan
ita ce magana ta farko da na gaskata.

Buhun riɗi huɗu na sayar,
na haɗa da kwasar adashi.
Iliya bai ce komai ba,
ya dai sayo mini ƙaramar sola ranar kasuwa
ya ɗaura ta a kan rufin kwano.

Yanzu ga ni a kan tudu,
yatsana a kan wurin turawa.
Sanda biyu. Sanda ɗaya.
Can ƙasa fitila na tahowa tana rawa,
muryar Tasalla ce, da goyo:
"Malama, jikin yaron nan ya yi zafi."

Na danna.
Ban tsaya ganin ko ya tafi ba,
na sauko ina laluben makulli.