Riɗi Ba Ya Nuna a Dare Ɗaya

An ɗauke wuta a Gadarif tun magariba.
Ihlas ta kunna fitila, ta ja tabarma bakin ƙofa,
inda iska ke kawo ƙamshin kisra daga gidan su Tahani.
Ni na kashe raksha, ina ƙirga cinikin yini.

Shekara bakwai ke nan da na zauna shahada.
Darasin faɗuwa, ƙanwata, shi kaɗai na haddace:
wata takwas ina cewa gobe,
dare uku ina ɗirkar gahawa,
na shiga aji da jan ido, kai kamar tsagaggen tulu,
abin da na ɗura da dare ya tsiyaye kafin hantsi.

Ke ba haka kika yi ba.
Kin ba Inna wayarki, ta ƙulle a bakin zane.
Ki karanta shafi biyu, ki kife littafin,
ki faɗa wa akuyarmu yadda jini ke zaga jiki.
Inda kika yi tuntuɓe, nan kike komawa,
ba inda ya yi miki daɗi ba.

Lissafi bayan asuba, kafin rana ta taɓa ƙwaƙwalwa.
Ran Juma'a, tsofaffin tambayoyin da Ustaz Awad ya ara miki,
ni ne mai agogo: awa uku, ba tashi, ba leƙe.
Makon farko kin yi kuka a tambaya ta huɗu.
Mako na biyar kin ce in rage miki minti goma.

Baba ya noma riɗi shekara talatin,
bai taɓa shuka yau ya wasa lauje gobe ba.

To, gobe ce.
Saura shafi shida, na ga karan da kika saka.
Bar su.
Alƙalami biyu na cikin jaka, katin shiga na ƙarƙashin matashi.
Hure fitila ki kwanta,
barci ma yana cikin karatu.

Da safe akwai ful da burodi,
kuma ba zan ɗauki kowa ba
ko wa ya ɗaga mini hannu a bakin kasuwa;
kujerar baya taki ce har ƙofar makaranta.
In an raba takarda, karance ta kaf tukuna,
ki fara da wadda ta yi miki murmushi.

Ni ina gindin darbejiya,
inji a kashe.