Ƙas, in ji Muƙamuƙi

Ƙarfe uku na dare a birnin Cebu,
Nenita na ba wani haƙuri a ƙetaren teku
kan firjin da bai iso ba.
An ce mata ana jin murmushi ta waya.
Shekara shida ke nan tana murmushin haya.

Ƙas! in ji muƙamuƙi, daf da kunnen hagu,
kamar an taka busasshen kara.

Ta fara yanka mangwaro ƙanana.
Ta bar gasasshiyar masarar bakin titi,
ta koyi danne hamma da tafin hannu.
Ciwo ya hau ƙeya, ya sauka kafaɗa,
kunne na ƙugi ko ba ruwan sama.
Likitan kunne ya leƙa: lafiya lau.
Likitan kai ya ɗau hoto: babu komai.
Sau uku tana biyan kuɗin "babu komai".

Ƙanwarta ce ta ce da rana tsaka,
"Kina niƙa cikin barci,
dutse kan dutse, ba ko ƙwayar hatsi."

Likita Cabahug, tsoho mai sanyin yatsu,
ya dafa gaban kunnuwanta, ya ce ta buɗe.
Yatsa biyu suka shiga, na uku ya tsaya a ƙofa.
Ya ajiye madubinsa.
"Yaushe rabonki da dariyar da ba ta aiki ba?"

Fanka na juyi.
Ta ce tun guguwar da ta kwashe rufinsu,
tun da aka binne Baba da safe
ta koma bakin waya da dare.
Ta ce abinci ya zama takarda a baki,
Lahadi ta zama rami.

Ya ce, "Ban san wanda ya riga wani ba,
ciwon ko baƙin cikin.
Igiya ɗaya suke ja.
Abin da baki ya ƙi faɗa
haƙori ke kwana taunawa."

Ya ba ta robar sawa lokacin barci,
da guntuwar takarda mai sunan wata likita
a hawa na uku, wadda aikinta sauraro.

Kwana tara takardar na cikin jaka
tare da tikitin mota da maganin ciwon kai.
Ran na goma ta hau matakala.

"Daga ina za mu fara?" in ji matar.
Nenita ta buɗe baki.
Ƙas, muƙamuƙi ya riga ta.
Ta dafe shi, ta ci gaba.